Sau Biyu Aka Tambayi Mubi

Rusau ake yi a Mubi, kuma da hannunmu muke yin sa. Wanda duk ya gaji gida a bakin titi, kafin a yi sadakar arba'in ya kira magina, a ture zauren ubansa a jera shaguna masu ƙofar ƙarfe. Ka bi titin Ahmadu Bello, ka ratsa Sabon Layi ka ɓulla Kolere, ka duba zauren ƙasa nawa ya rage. Akwai wani da na sani tun ina yaro, ƙyaurensa na katako mai kauri da manyan ƙusoshin maƙera, an zana dagi a saman ƙofar, dokin ƙofar ya yi santsi saboda ƙafafun mutane. Bana aka kwashe shi. Ƙyauren kuwa a murhun mai ƙosai ya ƙare.

Ban ce kada a nemi kuɗi ba. Mubi garin kasuwa ne tun fil azal, kuma shanun da ake korowa daga Chadi da Kamaru zuwa Tike su suka ciyar da mu, su da 'yan canjin sefa da masu bin hanyar Sahuda. Abin da ke ci mini rai shi ne ana rushewa ba a tambaya. Wa ya gina? A zamanin wa? Babu mai tsayawa.

Garin nan ya sha sauya hannu. Ya zauna ƙarƙashin sarautar Mandara, jihadin Modibbo Adama ya shigar da shi Fombina, Jamus suka kama shi a 1903 suka mai da shi sansanin bakin iyaka, Ingila suka ƙwace a 1914, a 1922 aka damƙa musu shi amana. A duk wannan ba wanda ya tsaya ya ce, mutanen Mubi, me kuke so? Tun kafin Jamus da Ingila ma, a 1851, Bature ɗan Jamus ɗin nan Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa ta nan daga Kukawa zai tafi Yola, ya rubuta abin da ya gani. Baƙo mai wucewa ya rubuta mu, mu 'yan gida mun bar wa baki, bakin kuma yana ta shiga kabari.

Sau biyu tak aka tambaye mu, kuma a kan wannan nake so in tsaya, don na ga yaranmu ba su sani ba. Ran 1 ga Oktoba 1960 da ake ta kiɗa a Legas da Kaduna, Mubi ba ta cikin Najeriya. Ƙasar amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Baturenta daban, Sir Percy Wyn-Harris, zaune a garin nan yana mulkin Arewacin Kamaru. Tun a Nuwamba 1959 aka yi ƙuri'ar farko kan shiga Najeriya, jama'a suka ce a dakata tukuna, kuma kowa ya san dalilin: mutanen duwatsu sun gaji da hakiman da ake turo musu daga Yola. Hankalin Sardauna ya tashi, aka yi gyare-gyare, aka raba mu da En'en Adamawa. Sai aka sake ran 11 ga Fabrairu 1961: mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni aka haɗe, shugaban Kamaru Ahidjo ya sa ƙasarsa zaman makoki, har ƙara ya kai kotun duniya bai yi nasara ba. Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna.

A wannan ƙuri'a ta biyu mata sun fita. Matan Kano da Sakkwato sai da suka jira har zaɓuɓɓukan ƙarshen shekarun 1970. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ɗaura zanenta na saƙi da ba ta taɓa shi sai ranar salla, ta riƙe hannuna muka tafi. Layin mata daban, masu goyo da tsofaffi masu sanda, Gude da Fali da Fulani da Margi, ana ta magana harshe uku huɗu a layi ɗaya. Har ta rasu ba ta gaya wa mahaifina akwatin da ta jefa ba. In ya matsa sai ta ce, "Malam, ai ni aka tambaya." Wurin da muka tsaya ɗin nan yanzu ana sayar da kayan gyaran Keke, kuma ko ɗan allo ban gani ba da zai ce wa mai wucewa a nan uwayenku suka zaɓi ƙasa.

Na tambayi jikana, wanda ke gab da gama karatun gaba da sakandare, me ya faru ran 1 ga Yuni. Ya ce, "Kaka, ba ranar bam ɗin Kabang ba ce?" Gaskiyarsa, a 2014 ne, mutane sun taso daga kallon ƙwallo. Wannan kaɗai ya sani. Ya san 'yan wasan Ingila har da masu zaman benci, amma bai san me ya sa ake da unguwar Shuwa da Kolere da Wuro Gude a gari ɗaya ba, bai san Larabawan Shuwa da Barebari da 'yan ƙasa ne suka zauna kowa da gefensa har gari ya haɗe. Ina jin haushin yaran nan da wayoyinsu, kai a duƙe kullum, suna taka tarihin gidansu ba su gani. To amma wa ya nuna musu? Ba a haifi kowa da sani ba.

A ƙarshen Oktoba 2014 muka ga sakamako. Wasu suka shigo da bindiga, suka ce daga yau sunan garin Madinatul Islam. Su ma ba su tambaye mu ba. Muka fantsama cikin duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola a ƙafa, sai tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka karɓo shi. Da muka dawo, ni ne kan gaba wajen cewa a shafe duk ramukan harsashi da siminti, a yi fenti, kada yara su tashi suna kallon abin tsoro. Har yanzu in na tuna harin da aka kai masallacin unguwar Shuwa da asubahin 21 ga Nuwamba 2017, nakan ce mantuwa ma rahama ce. Duk da haka akwai wata katanga a hanyar da nake bi zuwa masallaci, mai gidan bai shafe tata ba, rami biyar a jere daidai ƙirjin mutum, kuma na roƙe shi ya bar su. In an shafe wannan ma, nan da shekara talatin wani zai tashi ya ce ba a yi ba.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, muna da jami'ar jiha tun 2002, muna da fadar Mai Martaba Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu. Roƙona gare su ƙarami ne. A tura ɗalibai unguwa-unguwa, daga Lokuwa zuwa Yelwa har tsallaken kogin Yedzaram, su zauna da masu unguwanni da tsofaffin mata, su ɗauki magana da wayoyin nan nasu. A fara da matan da suka tsaya layi a 1961, don mafi ƙanƙantarsu yau ta haura tamanin da biyar. Kuma duk mai niyyar ture zaure, ya bari a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan wanda ya gina, ƙyauren kuma a kai shi fada a ajiye.