Hannun Ƙasa a Wasan Tsallen Gora

Mu Hausawa an hore mu da girmama hannun dama. Da shi mu ke cin tuwo, da shi mu ke gaisawa, da shi muka riƙe alƙalami tun muna makarantar allo, yaron da ya miƙa wa babba abu da hagu kuwa ranƙwashi ya ke sha. Don haka ba mu yi mamaki ba da muka lura, in 'yan'uwanmu sun fita fili da la'asar wasan tsallen gora, kowa hankalinsa yana kan hannun da ke bisa, watau na dama. Na hagun da ke ƙasa ba mai kula da shi, alhali kuwa yawancin faɗuwar da a ke yi daga gare shi ta ke. Bahago sai ya juya maganar, gama shi hannunsa na ƙasa shi ne na dama.

Wasan nan ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai. A ƙauyukanmu na wajen Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba daji tsakani sai shinge da burtali, yara kan dogara sanda su ƙetare kwazazzabo da damina don gudun zagaye. Haka mutanen Holanda su ke ƙetare magudanan ruwan ƙasarsu tun da daɗewa. Sai dai su da yaranmu nisa su ke nema, mai tsallen gasa kuwa bisa ya ke nema.

Aikin hannun ƙasa na fari tun wajen gudu ya ke somawa. Wanda ya taɓa ganin jigo a fadama ya riga ya gane shi. Itacen jigo dogo ne, amma bisa wuri guda ya ke juyawa, da curin laka a gindinsa yana danne shi. To, hannun hagu da ke gaban ƙirji shi ne wurin juyawan nan, na dama da ke wajen kwankwaso shi ne curin laka. Gwiwar hannun hagu ta kasance ƙarƙashin wuyan hannu, don nauyin sanda ya zauna bisansa. In mai tsalle ya kusa ramin da a ke kafa sanda, sai ya bar bakinta ya riƙa saukowa sannu sannu, hannuwa biyu su tashi sama tare, kafin ƙafar hagu ta bar ƙasa na dama ya riga ya miƙe ɗoɗar bisa kai.

A nan ne gardama ta ke, kuma asalinta sanda ce. Har cikin shekarun 1940 da gora a ke yin wasan a duniya, irin wadda mu ke tokare jinka da ita. Wani Ba'amurke, Cornelius Warmerdam, da gora ya fara haye ƙafa 15 a 1940, a 1942 kuma ya haye mita 4.77. Da shi da tsararsa, in sun zo kafa sanda, zame hannun ƙasa su ke yi har ya kusa taɓa na sama, su rataye da duka biyu kamar mai lilo. Dalili kuwa gora ba ta tanƙwaruwa sai kaɗan, tokare ta ba shi da wani amfani. Doka ta yarda da wannan zamewa. Abin da ta hana shi ne, bayan mutum ya bar ƙasa, ya ɗora hannun ƙasa bisa na sama, ko ya gusa na saman gaba, don kada wasan ya koma hawan rimi.

Daga farkon shekarun 1960 sai sandar zaren gilashi ta kori sauran. Ita kuwa tana lanƙwashewa kamar baka, sa'an nan ta miƙe ta cilla mutum. Aka bar zame hannu, aka riƙa barin misalin faɗin kafaɗu tsakanin hannuwan biyu. Da ganin haka waɗansu masu horarwa suka ce, ai hannun ƙasa ne ke lanƙwasa sanda, sai a sandare shi a tura gaba da ƙarfi. Amma Vitaly Petrov, malamin Sergey Bubka wanda ya fara haye mita 6 a Faris a 1985, bai koyar da haka ba. Abin da ke lanƙwasa sanda shi ne gudun da mutum ya zo da shi, da nauyin jikinsa da ke rataye a hannun sama. Na ƙasa sama ya ke turawa, ya buɗe fili tsakanin ƙirji da sanda, sa'an nan ya saki jiki in ƙafafu sun fara lilo. In ya sandare, kwankwaso ba zai sami hanyar wucewa ba. In kuma ya karye tun da fari, ƙirji ya bugi sanda, ƙafafu su zurare gaba ba a shirya ba. Ko wanne aka yi, sanda ba ta kai ga tsayawa cak, wanda sandarsa ba ta tsaya ba kuwa baya zai komo, inda ba rairayi ba katifa.

To, jama'a, ga inda abin ya shafe mu. Nan gaba kaɗan za a rarraba mu makarantun ƙauye, ba kuwa za mu iske sandar gilashi ko katifa ba. Gora za mu iske, da ramin yashi. Yaranmu kuwa sun ga Armand Duplantis na Suwidin cikin waya yana haye mita 6.25 a Faris a 2024, sandarsa ta lanƙwashe, kowa so ya ke tasa ta yi haka. Yaro ya ware hannuwa, ya sandare na hagu, ya tura gora da iyakar ƙarfinsa. Ko dai ta maido shi baya ya faɗi da ƙeya, ko ta tsage, tsagin gora kuwa wuƙa ne. Ɗan mutane aka ba mu amana, ba mu ga abin da za mu gaya wa ubansa ba.

A ganinmu, mai gora ya bi hanyar masu gora. Yaro ya riƙe ta ƙasa ƙasa, kusa da inda hannunsa ya kai yana tsaye, hannun hagu kusa da na dama, gwiwar hannun a sake. Ya fara da neman nisa cikin yashi, yana wucewa ta daman sanda, yana dira da ƙafafu, kamar dai ƙetare kwazazzabo, har sai sanda ta riƙa tsayawa ta wuce gaba kowane tsalle, kana a sa masa kara ya haye. Malami kuwa ya duba gorar kullum kafin a fara, ko ƙwaro ya huda ta, ko rana ta tsaga ta, ya naɗe tsakanin gaɓoɓinta da igiya.