Ƙarar Babur a Hanyar Zobe

Tafiya mabuɗin ilimi, in ji masu iya magana, amma mu 'yan boko mun mai da karin maganar nan tamkar da tafiyar jirgin sama kaɗai take. Wanda ya je Maroko zai dawo ya cika mana kunne da labarin Marakish: yadda jagora ke kwasar baƙi, ya ɗora su kan babura masu ƙafa huɗu su yi tsere a saharar Agafai, ya zaga da su lambun Majorel, ya kai su magangarar ruwan Uzud mai tsayin kimanin mita 110. Mu kuwa sai mu saki baki muna sauraro, alhali ƙauyen da aka binne cibiyarmu ya fi shekara goma bai ga ƙafarmu ba.

Wannan ne ya sa mu shida, marubuta daga birnin Katsina, muka yanke shawarar yin namu yawon buɗe idon a gida, yini guda, a ƙarshen damina. Jagoranmu wani dattijo ne ɗan Kurfi, tsohon malamin firamare. Tun daga Batagarawa ya fara ba mu karatu. Ya ce hakimin Kurfi shi ne Maraɗin Katsina, na Dutsin-Ma kuwa 'Yanɗakan Katsina. Da dutsen ya bayyana gabanmu, sai ya ba mu labarin da ya gada daga kakanni, cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a wurin, har dutsen da garin suka ci sunansa. Garin da maharbi ya sara, yau ga shi da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011.

Babur mai ƙafa huɗu dai babu shi a tashar Dutsin-Ma, sai muka ɗauki 'yan acaba bakwai muka nufi dam ɗin Zobe ta hanyar gonaki. Dawa ta fi mu tsawo, iska na kaɗawa, samarin cikinmu har da ihu. Da muka doshi wata 'yar ruga, sai muka hangi mata suna sungumar yara suna faɗawa cikin dawa, wata har da barin turmi da taɓarya. Nan take dattijon ya ɗaga hannu.

"Ku kashe injin, 'ya'yana."

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Babur bakwai a jere, kowanne da goyo, ku a wurinku wasa ne. Su kuwa ba haka suka san shi ba."

Ya sauka ya taka da ƙafa shi kaɗai, yana rafka sallama, yana kiran mai gidan da sunan mahaifinsa. Sai can mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo mana fura da nono a ƙwarya, ana dariya, amma hannun yarinyar da ta miƙo mana ludayi bai daina rawa ba.

Mai karatu ya san dalili. Yamma da nan dajin Rugu yake, kuma a kan babura 'yan bindiga suka riƙa afka wa ƙauyukan yankin, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Kurfi da Dutsin-Ma. Ƙarar da Bature ke biyan kuɗi don ya ji ta a Agafai, ita ce ke hana uwa barci a nan.

Daga rugar muka ƙarasa sauran tafiyar a ƙasa, kuma a nan ne muka fara gani da idon basira. Muka ratsa lambuna inda ake renon irin tumatir da albasa da tattasai don noman rani, ga gwaiba ta nuna, ga zogale ya yi shinge. Ba mu da Gurara ta Jihar Neja, ba mu da Matsirga ta Kafanchan, amma dattijon ya kai mu wani rafi da ke gangarowa kan falalen dutse yana kumfa. Ya ce kwanaki kaɗan suka rage masa, kaka na kamawa zai ƙafe, kuma ba kowa ya san da shi ba sai makiyaya.

Sai ga Zobe a kan kogin Karaɗuwa, ruwa iya ganinka, masunta na jan koma. An kammala dam ɗin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, amma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin samar da ruwan sha daga cikinsa. Shekara 38 ke nan ruwa yana kwance yana jira. Muka zauna a bakin gaɓa, kowa ya yi tsit.

Abin da muka dawo da shi, 'yan uwa marubuta, shi ne: ƙasar da ba a taka ta, mantawa ake yi da ita. Littattafanmu sun cika da gidajen bene da motocin alfarma, ƙauye kuwa ba ya shigowa sai a labarin garkuwa da mutane. In dattijai irin jagoranmu suka kau, wa zai san sunan rafi, wa zai san gidan da ake yi wa sallama? Ba muna cewa kowa ya faɗa daji da ka ba. A tambayi mutanen gari, a nemi ɗan ƙasa ya shige gaba, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar. In an je kuma a rubuta, domin yaran Kurfi su karanta garinsu a littafi ba a shafin ta'aziyya kaɗai ba. Allah ya nuna mana ranar da ƙarar babur za ta fito da yara bakin hanya kallo.