Takalmin Baba

Rigunan aikina bakwai ne, dukansu baƙaƙe, dukansu daga shago ɗaya. Mu masu rubuta manhaja muna da wani fahari da muke yi da rashin ado. Mun ji cewa Steve Jobs riga iri ɗaya yake sakawa kullum, Mark Zuckerberg ma ga tasa mai ruwan toka, sai muka ɗauka duk wanda ya daɗe a gaban madubi ba shi da abin yi. Ni kuwa abin ya zo min daidai, domin tun a gida aka koya min haka. Baba, Allah ya jiƙansa, farin yadi ne kayansa, ko aiki ba a yi masa a wuya. Ina aji uku na sakandare na taɓa dawowa da askin da aka rage gefe aka bar sama. Bai ce min uffan ba. Hannuna ya kama muka koma wurin mai askin, ya tsaya a kaina har aka yi min ƙwal.

Bara na samu aiki da wani kanti a Ingila mai sayar da tsofaffin tufafi ta intanet. Gwanjo dai, amma irin gwanjon da riga ɗaya kan kai albashin wani na wata. Aikina shi ne in tsara musu dubban hotuna yadda mai saye zai nemi kaya da zamaninsu. Akwai wani rukuni da suka kira glam. Na duba na ga ƙyalƙyali, na ce wannan ai mai sauƙi ne, duk abin da ke sheƙi na tura shi can. Bayan kwana biyu mai kantin ta dawo min da aikin. Ta ce na haɗa 1973 da 1986 a kwando ɗaya, kuma masu sayen kayanta ba za su yafe wannan ba. Dole na ajiye lissafi na koma karatu.

Masu bin tarihin glam rock sukan fara ƙirga shi daga watan Maris na 1971, lokacin da Marc Bolan na ƙungiyar T. Rex ya fito a shirin Top of the Pops na BBC da kayan satin da ɗigon ƙyalƙyali a ƙasan idanunsa. Kafin nan mawaƙan rock sun fi fitowa da jins da gemu, kamar waɗanda aka taso daga barci. Bayan shekara guda David Bowie ya ƙirƙiro wani mutum mai suna Ziggy Stardust, baƙo daga sararin samaniya, ya rina gashinsa ja, ya shiga cikin wannan suna kamar yadda ake shiga riga. A Yulin 1972 ya fito a wannan shiri ya ɗora hannu a kafaɗar mai jitarsa, Mick Ronson, washegari zancen ke nan a makarantun Birtaniya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne su waye waɗannan mutane, kuma a wane hali ƙasarsu take. Mahaifin Bolan direban babbar mota ne. Ronson yana aikin kula da lambunan hukumar birnin Hull aka je aka ɗauko shi. Mahaifin Noddy Holder na ƙungiyar Slade goge tagogi yake yi, ɗansa kuma ya liƙa madubai a jikin doguwar hula don hasken dandamali ya riƙa komawa kan 'yan kallo. A farkon 1972 mahaƙan kwal sun yi yajin aiki, aka riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa. A farkon 1974 gwamnati ta taƙaita wa masana'antu lantarki zuwa kwana uku a mako, gidajen talbijin kuma suna rufewa da ƙarfe goma da rabi na dare. Ina karanta wannan ne da hasken waya, janareton maƙwabci na ruri. Nan na daina yi musu kallon shagwaɓaɓɓu. 'Ya'yan talakawa ne a ƙasar da ta yi duhu, suka ce su dai sai sun yi haske, ko da na daren Alhamis ne a akwatin talbijin.

Kuma akwai gwanintar tela a ciki. Freddie Burretti ne ya ɗinka wa Bowie kayan Ziggy na farko. A 1973 Kansai Yamamoto, ɗan Japan, ya yi masa kayan da ya ɗauko fasalinsu daga wasan kabuki na ƙasarsu, ciki har da wata baƙar riga haɗe da wando mai ratsi-ratsi, ƙafafunta a buɗe kamar fuka-fuki. A shekarar ne aka zana masa walƙiya ja da shuɗi a fuska don bangon faifan Aladdin Sane. Sai kuma takalmin zamanin, mai kaurin ƙasa kamar an ɗaura wa mutum bulo. Ranar 3 ga Yuli 1973, a zauren Hammersmith Odeon na Landan, Bowie ya sanar cewa wasan Ziggy ya ƙare. Ya tuɓe mutumin ya wuce gaba.

Daga nan kayan suka yi ta sauya hannu. 'Yan punk na 1976 da 1977 sun yayyaga tufafin suka soke su da fil, amma rinin gashi da baƙin kwalli suna nan. Wajen 1979 matasan da suka taso da kallon Bowie suka taru a kulob ɗin Blitz na Landan, inda Steve Strange ke tsayawa a ƙofa yana mayar da duk wanda adonsa bai kai ba. A shekarun 1980 abin ya koma Los Angeles hannun su Mötley Crüe da Poison. Wando ya matse, fata da sarƙoƙi suka maye gurbin satin, gashi ya tashi sama da ƙarfin feshi. Ƙyallin ya ƙaru, sai dai tambayar da na farkon ke yi, wato wa ya ce dole in zama abin da aka haife ni in zama, ta yi rauni. Ya zama kakin sana'a, kowa da irin na kowa. Shi ya sa da Nirvana suka fito da faifan Nevermind a 1991 cikin tsofaffin riguna da yagaggen jins, jama'a suka juya musu nan take. A Japan kuma, inda Bowie ya aro, su X Japan suka karɓi abinsu suka gina salon da ake kira visual kei. A 2013 gidan tarihi na Victoria and Albert ya baje kayan Bowie a Landan, mutane na bin layi. A 2021 Måneskin, 'yan Italiya, suka ci gasar Eurovision cikin kayan fata da kwalli. Abin da ya fara da tsiwar ɗan direba ya ƙare a bayan gilashi da kantunan masu kuɗi.

Ba zan ce komai nasu ya kwanta min ba. Ƙwaya ta cinye da yawa daga cikinsu, Bowie da kansa ya sha faɗin yadda hodar iblis ta kusa halaka shi a tsakiyar shekarun 1970. Kuma da a unguwarmu namiji ya fito da jan-baki, kowa ya san sunan da za a kira shi da shi. Amma na gyara manhajar. Dokar da na ba ta gajeriya ce: ta bar ƙyalli, ta duba takalmi da ƙafar wando.

Da azumin bana Umma ta ce in ɗauki tsofaffin hotunan gida a waya kafin gara ta gama da su. A ƙasan adakarta na ci karo da wani saurayi tsaye a gaban labulen mai hoto. Sumarsa ta yi tozo, kwalar rigarsa ta kusa taɓa kafaɗa, ƙafar wandonsa ta isa a ɗinka wa yaro riga. Idona ya sauka ƙasa, kamar yadda na saba. Kafin in juya bayan hoton na riga na san shekarun. An rubuta: Sabon Gari, 1975.

"Umma, wane ne wannan?"

Ta karɓa ta nisanta shi da ido, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Babanku ne mana. Kuɗin Udoji ne ya faɗo masa yana ƙaramin akawu."

Gwaggo ce ta ƙarasa min labarin a waya. Ta ce takalmin nan sai da ya kayar da shi a kwata ranar wani biki, kuma Malam, kakanmu, da gatari ya raba shi biyu a tsakar gida. Na tambaye ta ko Baba ya san wani David Bowie. Ta ce ita dai James Brown take ji yana kunnawa. Ke nan ta wata hanyar takalmin ya iso Kano, ta wajen mawaƙan baƙar fatar Amurka. Amma takalmin ɗaya ne, shekarun ɗaya ne, kuma ina zaton abin da ke cin saurayin Hull shi ke cin saurayin Sabon Gari: a gan ni, ni ma ina nan.

Na daɗe ina juya hoton. Mutumin da ya tsaya a kaina aka aske ni ya san daɗin da na ji a hanyar dawowa gida ranar nan. Ko tsoro yake kar in faɗa inda ya ga abokansa sun faɗa? Ko kunyar saurayin cikin hoton yake ji? Ko kuwa abin da aka yi masa da gatari ne ya maimaita da reza, don shi kaɗai ya iya? Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ba ni da wanda zan tambaya.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne Auta. Shekararsa 19, ya tara suma ya murɗe ta, ga wando da bai kai idon sawu ba. Tun kafin azumi Umma ke cewa, "Kai ne ubansa yanzu, ka yi masa magana." Na kuwa shirya. Har na zaɓi ranar da zan kai shi wurin mai aski.

Ranar da ta zo na kira shi ɗakina na miƙa masa wayar. Ya duba, ya ƙara girman hoton da yatsu biyu, ya dube ni.

"Yaya, wallahi Baba ya fi ni iya wanka."

Muka yi dariyar da rabonmu da ita tun kafin rasuwar. Daga nan na yi masa maganar da ta kamata: darasin da ya faɗi a zangon da ya wuce, da su wa yake yawo, da ƙarfe nawa yake shigowa gida. Ya saurara, har ya faɗa min abin da ban tambaya ba. Gashin ban taɓa shi ba. Umma ba ta gamsu ba, ta ce na ɓata shi. Na ce mata barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta yi tsaki, amma hoton yanzu yana jingine a kan madubinta.

Baƙaƙen rigunana bakwai suna nan. Sai dai da salla ta matso na kai wa telanmu shadda ruwan goro, na ce a yi mata aiki a wuya. Ya shafa yadin, ya ɗago kai ya dube ni.

"Ta Auta ce?"

Na ce a'a, ya ɗauko tef ya auna ni.