Nutso A Ruwan Sanyi: Kushewar Jiragen Jamus A Scapa Flow

Duk wanda ya koyi nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya, inda ruwa ke da ɗumi, garau kamar madubi, in zama ya kai shi Birtaniya sai ya zaci shi da wannan nishaɗi sun yi ban kwana. Ba haka ba ne, sai dai tilas ya sake shiri.

Rigar robar da ya saba da ita ba ta fisshe shi a can. Akwai wata mai hana ruwa shiga ɗungum, ana sa ta a kan kayan sanyi, ana hura mata iska. Ita ma sai an koyi sarrafa ta, don in iskar ta taru a ƙafafu, mutum ya taso ke nan, kai a ƙasa. Akan koya a tsofaffin ramukan fasa dutse da ruwa ya cika, irin su Stoney Cove.

Daga nan sai arewa, tsibiran Orkney. A mashigin Scapa Flow ne, ran 21 ga Yuni, 1919, Adimiral von Reuter ya umarci sojojin Jamus su nutsar da jiragensu da ke tsare, kada abokan gaba su rabe su. Jirage 52 suka nutse. An tsamo galibinsu an sayar da ƙarfen, amma manya 7 na nan kwance, uku a kife.

Ruwan kore ne, da duhu-duhu, sai da tocila. Mai nutso na bin igiya ƙasa, ba ya ganin kome, kwatsam sai ga bangon ƙarfe a gabansa, ba ya hango ƙarshensa. Doka ta hana ɗauke ko ƙusa.