Ƙudurin Shekara a Idon Dattawan Gwarzo da Kabo

Mutumin ƙasar Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, yana rayuwa ne cikin lissafin shekara iri uku: shekarar Hijira mai kwana 354 ko 355, wadda ke farawa da Muharram, watan da Hausawa ke kira na Cika-ciki, da shekarar Miladiyya, wadda albashi da kasafin kuɗin gwamnati ke bi, sai kuma shekarar manomi, wadda ke farawa da ruwan shuka, ta ƙare da kaka. Dattawan yankin sun fi ɗora ƙudurinsu a kan ta ukun, domin ita ce ke kama mutum da hujja, tunda rumbu ba ya ɓoye abin da aka zuba masa.

Ƙuduri, a fahimtarsu, niyya ce da aka ɗaure ta da aiki da lokaci, abin da malamai ke kira azama, kuma a nan ne ya rabu da buri, wanda ke iya zama a zuci shekara da shekaru ba tare da ya motsa ƙafa ba. Idan kaka ta yi, magidanci ya ƙidaya dammunan gero da dawa da buhunan masara, yakan fara fitar da zakka idan amfanin ya kai nisabi, ya ba da ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala. Sannan ya biya bashin taki, ya ware iri, ya auna ko ragowar za ta kai iyali tsakiyar damina mai zuwa, lokacin da rumbuna ke yin ƙasa, hatsi ya yi tsada. A wannan zama ne ake ɗaukar ƙudurin da ya fi kowane yawa a bakin manoma, kuma ya fi kowane saurin karyewa, cewa bana ba za a kai hatsi kasuwa da kaka ba, lokacin da ya fi araha, don kada a dawo ana sayensa da ninkin kuɗi. Abin da ke karya shi ba lalaci ba ne. Kaka ce lokacin bukukuwan aure da gyaran ɗaki da biyan basussuka, kuma mai ɗiya a gaba ba ya iya ce wa dangi su jira farashi ya tashi. Saboda haka masu hangen nesa kan yi wa ƙudurin shinge tun da wuri, su sayi tunkiya ko akuya a turke ta domin hidimar da aka san tana tafe, kamar yadda mata ke shiga adashi, inda kunyar uwar adashi da abokan zubi ke riƙe mutum a ranar da zuciyarsa ta yi rauni.

Game da sauyi, wanda ya haura shekara saba'in a Getso ko Garo ya ga abin da ya ishe shi darasi. Ya ga an sauya hannun tuƙi a 1972, fam da sule sun ba naira da kwabo wuri a 1973, shekarar da fari ya addabi Arewa. Ya ga cuta ta cinye gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi, masara kuma ta mamaye gonaki sannu a hankali. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu a Kabo da Challawa a Karaye sun buɗe ƙofar noman rani ga mutanen da iyayensu suka saba tafiya cin rani. A 2019 an mayar da yankin ƙarƙashin masarautar Karaye, a 2024 aka soke dokar da ta yi hakan. A farkon 2023 kuwa ƙarancin takardun naira ya tilasta wa tsohon da bai taɓa shiga banki ba karɓar kuɗin akuyarsa ta waya.

Hanyar da dattawa suka fi amincewa da ita wajen karɓar sabon abu ita ce ta gwajin iri: ba a zuba sabon iri a dukkan gona, sai a ba shi 'yan kunyoyi a gefe, a ga yadda zai yi da ƙasar da ƙuduji, wato ciyawar nan mai shanye hatsi tun daga saiwa, in ya yi kyau a faɗaɗa baɗi. Wannan taka-tsantsan ya tsare gidaje da yawa daga asara, amma gaskiya ce mai ɗaci cewa wani lokaci jiran ya wuce kima. Lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, akwai iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu, musamman mata, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara, da suka zama kakanni a yau, su ne ke kiwon tumaki da rani domin a sayar idan zangon karatu ya zo, a ɗinka wa jikoki kayan makaranta, a sayo littattafai.