Ƙurar da ta rufe gidan kifin ɗana

'Yar'uwa, in kin taɓa dawowa daga aikin dare ƙafafunki na zugi, ki tarar da yaro yana kuka a falo tun kafin ki cire takalmi, to kin san halin da na shiga wata safiyar Talata a nan Jidda.

Shekara guda ke nan da Abbansu ya kawo mini yaran daga Kano. Ƙaramar ta saje da 'ya'yan maƙwabta nan da nan. Babban kuwa, ɗan shekara bakwai, Larabci ya ƙi zama a bakinsa, sai ya koma shiru-shiru. Abu ɗaya ne ke sa shi surutu, wato kifin nan mai ruwan lemo da farin ratsi na fim ɗin Finding Nemo. Muka daure muka sayi akwatin gilashi mai cin lita 100, da farin yashi, da duwatsu, da gishirin teku na buhu. Kada ki tambaye ni kuɗin. Bayan wata guda muka saka kifi biyu, yaro ya samu abokan hira.

Ranar da nake ba ki labari, farin yashin nan ya koma kamar an barbaɗa masa garin kirfa. Gilashin ma ya dishe. Ya ce, "Umma, ni na ɓata musu gida ko? Jiya na sa hannu ban wanke ba."

Kin san mu ma'aikatan jinya da datti. Ban ko kwanta ba na ɗauki soso, na goge gilashi, na birkice yashi, na kwashe rabin ruwan. Da zan haɗa sabo sai na ce ai babu ruwan da ya kai na gora tsabta, na juye katan guda. Kwana biyu ƙurar ta dawo, har ta fi ta da kauri. Na sake wankewa. A karo na uku kifin suka daina cin abinci, suka lafe bayan dutse, yaron kuma ya lafe a ɗaki.

Wani abokin aikina ɗan Filifin, wanda ya daɗe yana kiwon murjani a gida, shi ya ce in kawo masa samfur. Na ɗebo a kwalbar gwajin fitsari, sabuwa fa. Ya duba da ƙaramin madubin ƙwayoyin cuta da yake da shi, ya yi dariya. Wai ni da nake yi wa iyaye faɗa kullum kan ɗura wa yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a san abin da ke damunsa, ga shi na yi wa kifi haka.

Abin da ya gani ana kiransa dayatom, wata irin gansakuka ce mai ƙwayar halitta ɗaya. Kowace tana gina wa kanta ɓawo da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Sabon yashi yana sakin silika cikin ruwa, ruwan famfo yana ɗauke da ita, haka ma yawancin ruwan gora. Ashe ni da hannuna nake kai mata tuwo. Kusan kowane sabon akwati sai ya yi wannan ƙurar a makonninsa na farko, in abincinta ya ƙare kuma sai ta janye da kanta. Ba ta kashe kifi. Yawan canjin ruwan da nake yi ne ya galabaita su.

Amma fa ba duk launin ƙasa-ƙasa ba ne dayatom, nan ne nake so ki buɗe ido. Dayatom gari ce, kina shafa ta da yatsa ta tashi kamar ƙura. In kika ga abin yana yauƙi kamar majina, yana tsiri-tsiri da 'yan kumfa a maƙale, yana raguwa da dare ya dawo in an kunna fitila, to wannan daino ce, kuma ba abar wasa ba ce. Wasu irinta suna da guba, sai ki ga katantanwar akwatin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, ta fi samun wuri a ruwan da aka tsabtace fiye da kima, inda awon nitiret da fosfet ya koma sifili. Da na ci gaba da wanke-wankena, da wataƙila ita na gayyato. Akwai ta uku, ja-ja mai duhu, wadda ke ɓarewa kamar fatar kunu. Ita wannan ƙwayoyin bakteriya ne, ta fi son lungun da ruwa ba ya motsi sosai.

Maganin da ya ba ni bai da yawa. Na daina zuba kowane ruwa sai tatacce na RO/DI da ake sayarwa a shagon kifi. Canjin ruwa ya koma kashi 10 cikin 100 a mako, gishiri a tsaye kan 1.025. Muka rage abinci, muka sayo katantanwar teku biyar masu kiwon gansakuka. Safar hannu kuma ta zama dole ga duk mai taɓa ruwan, domin wasu murjanin masu laushi suna da guba mai tsanani, ga yara da sosa ido.

Abin da ya fi mini wuya shi ne zura ido. In wuce in ga datti in ƙyale shi! Na miƙa wa yaron mayen ƙarfen goge gilashi, na ce aikinsa ne kowace safiya kafin makaranta, na kuma faɗa masa sau uku cewa ba hannunsa ya kawo ƙurar ba. Bai yarda ba sai da ya ga hoton dayatom ɗin a wayata.

A mako na biyar na dawo da safe na same shi durƙushe, hancinsa manne da gilashi, yana bin wata katantanwa da ta bar farin layi a bayanta. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Umma, yi shiru, tana shara."