Abin da haƙori ke faɗa bayan an cike shi

Wanda ya kai kogon haƙorinsa asibiti aka cike masa yakan fito da tunanin magana ta ƙare. Sau da yawa ba ta ƙarewa a ranar. Allurar kashe zafi takan sake shi bayan 'yan sa'o'i, ya kurɓi ruwan sanyi ko shayi, sai ya ji wata suka ta ratsa haƙorin har cikin muƙamuƙi. A nan ne mutane da dama ke yanke hukuncin cewa likita ya ɓata aiki, su nemi mai cire musu haƙorin kowa ya huta. Mafi yawan waɗannan haƙora ba su cancanci cirewa ba.

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin komai. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori da likitoci ke kira dentin, a tsakiya kuma akwai ɓargo mai jijiyoyi da hanyoyin jini. Dentin cike yake da 'yan mitsi-mitsin bututu masu ruwa a ciki, dubun-dubatarsu a kowace murabba'in milimita, duk sun nufi ɓargo. A shekarun 1960 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya yi bayanin da har yau aka fi yarda da shi: sanyi ko zafi ko zaƙi na motsa ruwan da ke cikin bututun, motsin kuma ya taɓa jijiya, ita ko jijiyar haƙori ba ta da wani yare sai ciwo.

Kafin a cike kogo dole a kankare ruɓar da na'ura, kuma kankarewar na yanka waɗannan bututu, ta girgiza ɓargo, ta ɗumama shi. Gwargwadon zurfin kogon, gwargwadon kusancin aikin da jijiya. Abin cikon ma yana da nasa hali. Farin ciko mai kalar haƙori yakan ɗan tsuke lokacin da aka haska masa shuɗin haske don ya daskare, tsukewar kuma na iya jan bangon haƙorin ko ta bar siririyar kafa a gefe. Baƙin ciko na ƙarfe, wanda kusan rabinsa sinadarin makuri ne, yana saurin kai sanyi da zafi ciki. Idan kuma ya haɗu da wani ƙarfen daban a baki, kamar haƙorin Makka, yawu kan haɗa tsakaninsu mutum ya ji wani ɗan fizga kamar na lantarki.

Akwai wani dalilin da ya fi waɗannan sauƙin gyara, shi ne kuma aka fi yin sakaci da shi. Wani tela a Kano, mai kimanin shekara 50, an cike masa turminsa na ƙasa. Ruwan sanyi bai dame shi sosai ba, tauna ce ta gagare shi. Ko loma ɗaya ta tuwo ya ɗora a wannan gefen sai ya zabura. Ya yi mako biyu yana cin abinci da ɓari guda, yana cusa kanumfari a wurin har dasashinsa ya saluɓe. Abokan sana'arsa suka ba shi shawarar ya je a tumɓuke shi. Ya koma asibitin da wannan niyya.

"Likita, ni dai a cire shi kawai, na gaji," in ji shi.

"Baba, bari mu duba tukuna. Ciza wannan takardar."

Takardar mai launi ta bar tabo a kan cikon, alamar ya ɗara sauran haƙoran tudu. Lokacin da aka yi aikin bakinsa a mace yake da allura, bai iya tantance ko cizonsa ya daidaita ba. Tun daga ranar, duk nauyin muƙamuƙi a kan wannan haƙori ɗaya yake sauka, har jijiyoyin da ke riƙe da saiwarsa suka yi tsami. Aka goge tudun cikin 'yan mintoci, ko allura ba a yi ba, kuma bayan 'yan kwanaki ya koma tauna da gefen biyu.

Sai dai ba kowane zogi ne ke da wannan sauƙin ba, shi ya sa ya kamata mai ciwo ya san abin da zai lura da shi. Tsananin zafin bai kai tsawonsa muhimmanci ba. Sukar da ke zuwa da sanyi, ta ɗauke cikin daƙiƙa kaɗan da zarar an haɗiye ruwan, kuma tana raguwa daga mako zuwa mako, alama ce ta ɓargon da ya fusata amma yana warkewa. Yawanci takan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Wadda ke daɗewa rabin minti ko fiye bayan sanyin ya wuce, ko ta taso haka kawai, ko ta tashi mutum daga barci, tana nuna kumburin ɓargon ya wuce inda zai koma daidai da kansa. Wannan na buƙatar a cire jijiyar a toshe saiwar, haƙorin kuma ya ci gaba da zama a baki. Idan kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko mugunya ta fito a dasashi, babu sauran jira.

A makonnin farko, abin da ke taimakawa kaɗan ne kuma mai araha: ruwa mai ɗumi maimakon mai ƙanƙara, rage kayan zaƙi da masu tsami, buroshi mai laushi, da man goge baki na masu jin sukar sanyi, wanda ke ɗaukar kamar mako biyu kafin a ga amfaninsa. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ba ya kai magani ga jijiya, ƙona naman kawai yake yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba ya rage tudun ciko, ba ya kuma toshe kafa.

Abin da ke hana mutane komawa asibiti sau da yawa kunya ce, ko tsoron a ɗauka sun zo tuhuma, ko fargabar sabon kuɗi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma daidaita ciko bayan an yi shi sashe ne na aikin. Haƙorin babba ba ya sake tsirowa. Idan aka cire turmi, na kusa da shi sukan karkato cikin gurbin, na samansa ya zazzago, ƙashin wurin ya rame, kuɗin dasa wani kuma ya ninka na ciko sau da yawa. Jiki magayi ne, kuma haƙorin da ke amsa sanyi yana shaida cewa jijiyarsa na da rai. Abin da ya rage ga mai shi shi ne ya ƙirga daƙiƙun da zafin ke ɗauka, ya lura ko yana raguwa ko ƙaruwa, ya kai wa likita wannan lissafin.